Tallafin Binciken Noma: Daga Samaru Zuwa Gonakin Birnin Gwari

Tallafin bincike kuɗi ne da wata gwamnati, ko gidauniya, ko hukumar ƙasa da ƙasa ke bai wa masana domin su nemo maganin wata matsala takamaimai cikin wa'adin da aka yanka musu. Ba a biyansa kamar bashi, amma yana da sharuɗɗa: a yi aikin da aka yi alkawari, a kawo lissafin kowace naira, a kuma nuna sakamako. A harkar noma da abinci da wuya a ga an damƙa irin wannan kuɗi ga mutum ɗaya ko cibiya ɗaya. Masu bayarwa sun fi son a haɗa hannu, kuma suna da hujja. Kafin sabon irin masara ya isa hannun manomi, sai masanin haɗa iri ya yi nasa aikin, masanin ƙwari da masanin ƙasa su yi nasu, kamfanin iri ya ninka shi, malamin gona ya kai shi ƙauye, manomi kuma ya ba da wani sashe na gonarsa a gwada. Babu cibiyar da ta tara waɗannan mutane duka a ƙarƙashinta. Kuɗin tallafi ne ke haɗa su a kan aiki guda, na ɗan lokaci.

Ƙasar Birnin Gwari, a yammacin jihar Kaduna, tana cikin wuraren da wannan tsari ya sauya wa noma kamanni, ko da yake akasarin manomanta ba su taɓa ganin takardar tallafi da idonsu ba. Ƙasa ce mai albarka, damina tana kai wata biyar zuwa shida, kuma daga Dogon Dawa da Kuyello da Damari, ta Randagi, har zuwa wajen iyakar Kaduna da Neja, ana noma masara da dawa da shinkafa da wake da waken soya. Saboda wannan muhimmanci ne hukumar bunƙasa noma ta jihar, KADP, ta sa Birnin Gwari ta zama ɗaya daga cikin shiyyoyinta huɗu, tare da Maigana da Lere da Samarun Kataf.

Matashin da ya tashi yau zai ɗauka tun fil azal masara ce babban amfanin gonar wannan yanki. Har farkon shekarun 1970 kuwa, masara a arewa abin bayan gida ce, a shuka 'yar kaɗan, a gasa ko a dafa kafin dawa ta nuna. Dawa da gero su ne tuwo. Abin da ya juya lamarin ya faro ne daga cibiyoyi biyu. Ta farko ita ce Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, IAR, wadda tushenta ya koma 1922, ta kuma shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ta biyu ita ce IITA ta Ibadan, wadda gidauniyoyin Ford da Rockefeller na Amurka suka kafa da kuɗinsu a 1967. A Ibadan aka samar da farar masarar da ake kira TZB, mai yawan yabanya idan ta sami taki. A 1975 aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtua, tare da na Gusau da na Gombe, aka shimfiɗa hanyoyin karkara, aka buɗe wuraren sayar da taki mai rahusa, aka baza malaman gona. Kuɗin shirin Funtua bashi ne na Bankin Duniya, amma irin da ya yaɗa da kuɗin tallafi aka samar da shi. Cikin 'yan shekaru masara ta fita daga bayan gida ta mamaye manyan gonaki a duk faɗin yankin.

A 1992 shirin Sasakawa ya shigo Najeriya, ya fara da Kaduna da Kano. Attajirin nan na Japan, Ryoichi Sasakawa, da masanin noma Norman Borlaug, da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ne suka assasa shi a 1986. Shirin bai samar da sabon iri ba. Ya ɗauki abin da bincike ya riga ya gano ya kai shi gonar gwaji a cikin ƙauye, ta hannun malaman gona na jiha: tazarar shuka, irin masara mai aure, binne taki a gindin shuka maimakon watsa shi. Da yawan abin da manomin masara ke yi a yau ba tare da ya tambayi kowa ba, a irin waɗannan gonakin gwaji aka fara koyar da shi.

Yadda kuɗin ke tafiya daga aljihun mai bayarwa zuwa gona yana da tsari kusan iri ɗaya ko'ina. Mai tallafi ya fitar da sanarwa cewa yana neman masu aiki a kan abu kaza, ko ya gayyaci cibiyar da ya amince da ita. Cibiyoyi su haɗa tawaga, su zaɓi jagora, su rubuta takardar neman tallafi mai bayanin matsalar, da hanyar da za a bi, da rabon aiki, da kasafin kuɗi. Sai a miƙa wa wasu masana da ba su da hannu a ciki su tantance. Akasarin takardun nan faɗuwa suke yi. Wadda ta haye, sai a rattaba hannu kan yarjejeniya, yawanci ta shekara uku zuwa biyar, kuɗin kuma a riƙa sakinsa kashi-kashi. Ba a sakin na gaba sai an kawo rahoton na baya da rasiɗansa, masu binciken kuɗi kuma suna zuwa duba littattafai. Cibiyar da ke jagoranci ita ke karɓar kuɗin gaba ɗaya, ta cire kason gudanarwa, sannan ta raba wa sauran. A manyan ayyuka, jagorar kan kasance wata jami'a ce ta Turai ko Amurka, ko cibiyar ƙasa da ƙasa irin su IITA da ICRISAT da CIMMYT, su Samaru kuma su shigo a matsayin abokan aiki. Wannan rabon matsayi yana da nauyi fiye da yadda yake a takarda, domin mai riƙe da asusu shi ke da ta cewa idan ra'ayi ya bambanta.

Abin da wannan tsari ya haifar yana nan a kasuwa, ana iya taɓa shi da hannu. Buhun ajiyar wake mai leda biyu a ciki, wanda ake kira PICS, yana daga cikin mafi sauƙi kuma mafi amfani. Tushensa bincike ne da Jami'ar Purdue ta Amurka ta yi da masanan Kamaru tun shekarun 1980 da kuɗin hukumar USAID. A 2007 Gidauniyar Gates ta ba da sama da dala miliyan 11 domin a yaɗa shi a ƙasashe goma na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Masanan cibiyar INRAN a Maraɗi sun yi gwaje-gwaje masu yawa a kansa, kamfanin Lela Agro na Kano kuma ya shiga ƙera shi. Hikimarsa ita ce hana iska shiga: idan aka ɗaure ledojin da kyau, ƙwaron da ke cikin waken zai shaƙe sauran iskar ya mutu, ba tare da an zuba ko ɗigon magani ba. Darajar wannan ta ƙara fitowa a 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta hana shigo da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Irin waken da Turai ta ƙi, shi ake dafawa a gidajen nan.

Labarin Aflasafe ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma ya fi koyar da darasi game da kuɗi. Akwai wata fumfuna da ke kama masara da gyaɗa tun a gona, ta ci gaba da yaɗuwa a rumbu idan hatsin bai bushe sosai ba. Tana fitar da guba mai suna aflatoksin, wadda dafuwa ba ta kashewa, tana haddasa ciwon dajin hanta, tana kashe kaji, ana kuma danganta ta da tsumburewar yara. A 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya. Masanan IITA, tare da na ma'aikatar noma ta Amurka da Jami'ar Bonn ta Jamus da Jami'ar Ibadan, suka zaƙulo wasu nau'o'in fumfunar guda huɗu daga ƙasar Najeriya waɗanda ba su fitar da guba. Aka shafa su a jikin gasasshiyar dawa, aka rina ta shuɗi. Idan manomi ya watsa kilo goma a kadada ɗaya, mako biyu zuwa uku kafin masara ta fitar da kai, marasa gubar sai su riga masu gubar kama wuri. An gwada shi a gonakin manoma a jihar Kaduna daga 2009, gubar ta ragu da kashi 80 cikin ɗari ko fiye, NAFDAC kuma ta yi masa rajista a 2014.

Sai dai kimiyyar ta yi nasara, ciniki ya ƙi. Gubar ba a ganinta da ido, ɗan kasuwa ba ya ƙara ko kwabo a kan masarar da ba ta da ita, to me zai sa manomi ya kashe kuɗinsa? Nan aka gwada wani salon tallafi na daban a ƙarƙashin shirin AgResults, wanda gwamnatocin Ostareliya da Kanada da Birtaniya da Amurka da Gidauniyar Gates suka zuba wa kuɗi. Daga 2013 zuwa 2019, maimakon a ba da kuɗi kafin aiki, sai aka riƙa biyan kamfanonin da ke tara masarar manoma dala 18.75 a kan kowane tan da gwaji ya tabbatar an yi amfani da Aflasafe wajen noma shi. Su kuma kamfanonin suka nemo masu saye da ke damuwa da tsabtar hatsi, irin su masu haɗa abincin kaji. Abin da aka koya shi ne bincike ba ya ƙarewa a ɗakin gwaji. Idan ba a ware kuɗin da zai haɗa manomi da kasuwa ba, sakamakon zai zauna a kan kanta.

Ayyukan da suka fi jawo magana su ne na irin da aka sauya wa ƙwayar halitta. Waken SAMPEA 20-T, mai jure tsutsar da ke huda fure da kwanson wake, aikin haɗin gwiwa ne tsakanin IAR, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, da gidauniyar AATF ta Nairobi, da cibiyar CSIRO ta Ostareliya. Kamfanin Monsanto ya ba da ƙwayar halittar, USAID ta ba da kuɗi. An fara gwajinsa a killataccen fili a Samaru a 2009, ba a sake shi ga manoma ba sai Disambar 2019. Amfaninsa shi ne rage feshi daga sau shida ko takwas a damina zuwa sau biyu. A Janairun 2024 aka saki masarar TELA iri huɗu, SAMMAZ 72T zuwa 75T, masu jure ƙarancin ruwa da tsutsar nan da ta bayyana a Najeriya a 2016 ta addabi gonakin masara. A nan ma IAR ce da AATF da CIMMYT da kamfanin Bayer, kuɗin kuma daga Gates da USAID.

Hukumar kula da lafiyar irin waɗannan fasahohi ta ƙasa, NBMA, ta amince da su bayan tantancewa. Wasu ƙungiyoyin farar hula sun ƙi amincewa, kuma a Mayun 2024 Majalisar Wakilai ta nemi a dakata har sai an yi bincike. Yawancin gardamar ta karkata ga batun lafiya, har ta rufe wata tambaya da ta fi kusa da aljihun manomi. Masarar TELA mai aure ce, kuma duk masara mai aure, ko an sauya mata ƙwayar halitta ko ba a sauya ba, yabanyarta na raguwa idan aka maimaita shuka 'ya'yanta. Dole a sayi sabon iri kowace shekara. Manomin da ke kusa da dillalin iri a Zariya wannan ba ya damunsa sosai. Na ƙauyen da mota ba ta shiga sai ranar kasuwa, lissafinsa daban ne.

Daga nan ake gane babban raunin tsarin: mai kuɗi ne ke zaɓen tambayar da za a amsa. Manyan masu tallafi sun fi karkata ga amfanin gonar da ake nomawa a ƙasashe da yawa, domin sakamako guda ya isa miliyoyin mutane: masara, shinkafa, rogo, wake, waken soya. Wannan lissafi ne mai ma'ana daga inda suke zaune. Amma acca da tamba da gurjiya da riɗi kaɗan suke samu, haka nan kaɗanya da ɗorawa, waɗanda matan karkara ke dogaro da su wajen man kaɗe da daddawa. Lokacin da cuta ta faɗa wa citta a kudancin Kaduna a 2023, ta cinye gonaki a Kachia da Kagarko da Jaba, manoma ba su da wani iri mai jure cutar da za su koma gare shi. Ga kuma matsalar wa'adi. Wake ɗaya ya ɗauki shekara goma daga gwajin farko zuwa saki, alhali tallafi na ƙarewa a shekara uku ko biyar. Idan ba a sabunta ba, ma'aikatan wucin gadi su watse, motar aiki ta tsaya, gonar gwaji ta koma ciyawa, wani lokaci ana gab da ganin sakamako.

A Maraɗi an gwada juya tsarin. Gidauniyar McKnight ta Amurka, wadda ke tallafa wa binciken noma a Nijar da Mali da Burkina Faso, ta sa ƙungiyar manoma ta FUMA Gaskiya a gaban wasu ayyukan, masana kuma suka zama masu taimaka mata. Manoman, da yawansu mata, su ke gwaji a gonakinsu, su ke auna sakamako, kamar gwajin dunƙula irin gero cikin laka da toka kafin a shuka, wanda aka yi da Jami'ar Hohenheim ta Jamus. Da tallafin gidauniyar kuma masanan yankin suka riƙa kiwon wani ɗan ƙaramin zanzaro suna sakinsa a gonaki domin ya kashe tsutsar da ke cin zangarniyar gero. Waɗannan ayyuka ba su da ƙyalli irin na sabon iri mai lamba, amma tambayoyin daga bakin masu gonar suka fito, kayan aikin kuma akwai su a ƙauye.

Birnin Gwari tana da wata matsalar da ta fi waɗannan duka. Satar shanu da ta yi sansani a dazukan Kamuku da Kuyambana ta rikiɗe ta zama garkuwa da mutane da kai hari kan ƙauyuka. Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta zama abin tsoro, manoma suka bar gonakin nesa, wasu sai sun biya 'yan bindiga kafin su yi shuka ko girbi. Binciken gona kuwa aiki ne na zirga-zirga. Gonar gwaji ɗaya tana bukatar a je ranar shuka, a koma lokacin taki, a koma lokacin fure, a je girbi da ma'auni. Cibiyoyi suna da dokokin tsaro da ke hana ma'aikatansu shiga wurin da aka ayyana mai haɗari, mai tallafi kuma yana jiran rahoto a kan lokaci. Jagoran aiki ba shi da zaɓi illa ya kai gwajinsa inda zai iya zuwa ya dawo lafiya. Asarar ba ta tsaya a damina ɗaya ba. Takardar neman tallafi ta gaba a kan alƙaluman da aka tara a baya ake gina ta, wurin da ba a auna ba kuwa ba ya cikin alƙaluman. Haka yankin da ya fi bukatar taimako ke ɓacewa daga lissafi ba tare da wani ya yanke shawarar cire shi ba.

A ƙarshen Nuwamban 2024, bayan sulhun da gwamnatin jiha ta yi da 'yan bindiga, Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari wadda ta yi shekaru a rufe, manoma kuma suka fara komawa gonakin da suka bari. Gonar da ta yi shekaru ba a noma ba tana da nata tambayoyin: halin da ƙasar ke ciki, irin da ya ɓace a hannun mutane lokacin gudun hijira, wuta-wuta, da yadda za a raba fili tsakanin noma da kiwo ba tare da an koma gidan jiya ba. Duk waɗannan abubuwa ne da bincike zai iya taimakawa a kai, idan aka sami mai biya.

Sai ga shi a daidai wannan lokaci kuɗin waje ya fara janyewa. A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, a watan Yuli kuma aka rufe USAID, akasarin cibiyoyin binciken noma da take ɗaukar nauyi a jami'o'in Amurka, masu aiki da takwarorinsu na Afirka, suka rasa kuɗinsu. A gida akwai ƙofofi, ba a ce babu ba. Asusun TETFund, da ke samun kuɗi daga harajin da kamfanoni ke biya, yana da sashen tallafin bincike da malaman jami'a ke nema ta hanyar gasa. Akwai majalisar ARCN da aka kafa domin daidaita ayyukan cibiyoyin binciken noma, akwai asusun bunƙasa noma na ƙasa, NADF, da aka yi wa doka a 2022. Cibiyar binciken noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa ta Jami'ar Bayero, wadda ta fara da tallafin Gidauniyar MacArthur kafin Bankin Duniya ya zaɓe ta cikin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka, ta nuna cewa jami'ar arewa za ta iya jagorantar babban aiki da kanta. Amma jimillar kuɗin ba ta taka kara ta karya ba. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Maputo a 2003 cewa za su ware kashi 10 cikin ɗari na kasafinsu ga noma, an kuma sa burin kashe aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin da noma ke samarwa a kan bincike. Najeriya ba ta kai ko rabin wannan burin na bincike ba, abin da ake warewa kuma albashi ke cinye mafi yawansa, kuɗin man mota da na gonar gwaji sai a jira na baƙi.

Gidauniyar Gates, wadda hannunta ke cikin buhun PICS da Aflasafe da masarar TELA, ta sanar a Mayun 2025 cewa za ta rufe ayyukanta gaba ɗaya a ƙarshen 2045. Idan aka auna da shekara goman da SAMPEA 20-T ya ɗauka, abin da ya rage bai wuce zango biyu na samar da sabon iri ba. Kuɗin gonar gwaji a Kuyello ko Randagi, da na malamin gonar da zai riƙa zuwa dubata, daga kasafin Abuja da na Kaduna ya kamata ya riƙa fitowa tun yanzu.